Tarwaɗar da Na Yi Sadaka da Ita

Ina zaune a zaure ina ɗinkin wata tsohuwar komar kamun kifi, kwana biyu bayan sadakar arba'in ta mahaifiyarku, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Hantsi ne, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Lambar doguwa ce, ba irin tamu ba, ba kuma irin ta Nijar da na saba gani ba. Na ɗauka na yi sallama, aka amsa mini da Hausar mutanen Madawa. Isuhu ne, ɗan Nijar ɗin da suke aikin bincike tare da ita a ƙasar Turawa inda ta je ƙarin karatu. Ya taɓa kirana sau ɗaya a kwanakin farko, ya yi mini ta'aziyya. Wannan karon ma da gaisuwa ya fara. Ya tambayi haƙuri, ya tambayi kakarku, ya tambaye ku da sunayenku.

"Baba," ya ce, "akwai wata magana da nir riƙe tun rannan. Na ga bai dace in kawo zancen aiki cikin makoki ba, shi ya sa nib bari arba'in ta wuce. Kihin nan na gida, wanda take ce ma Gwaggo, yana nan lahiya?"

Na ɗaga kai na dubi tsakar gida ta ƙofar zaure. Daga inda nake ana hango tankin siminti da ke gindin lemun tsami. Ruwa yana ciki har baki, a kwance, babu abin da ke motsa shi. Hannuwana kuwa har lokacin ba su rabu da ƙanshin hayaƙin banda ba.

"Isuhu," na ce, "shekaranjiya munka yi sadaka da ita."

Salati ya yi, a hankali, irin wanda ake yi idan an ji labarin rasuwa.

Asma'u, Abdullahi, wannan babin naku ne, amma ya fi zama na Asma'u. Yau shekara shida ke nan ba ki ci abin hannun kawunki Sani ba, ba ki zauna inda yake zaune ba, gaisuwarki gare shi daga nesa ce, kalma biyu. Ni na tsufa. Mahaifinku yana Sakkwato da aikinsa, ya bar ku a hannunmu kamar yadda ita ta so, kuma ranar da babu ni, Sani ne zai riƙe gidan nan da duk wanda ke cikinsa. Ba na son in tafi in bar ki kina riƙe da shi a kan laifin da ba nasa ba. Don haka zan faɗi abin yadda ya faru, ko da yake shi kansa ya roƙe ni in yi shiru.

Mahaifiyarku ce ɗiyata ta fari. Yanzu ina ganin samari suna ɗora ɗan fari a wuya suna ɗaukar hoto, ban ce sun yi laifi ba, amma mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa a gaban mutane, ba ka zama kuna hira ido da ido. Tun ranar sunanta har ranar da muka kai ta makwancinta bakina bai taɓa furta sunanta ba. Tana ƙarama ina cewa yarinyar can, da aka haifi Sani sai ta koma Yayar Sani. Kakarku ma haka, har ta fi ni. Kada ku ɗauka rashin so ne. Ranar da sakamakon jarrabawarta ya fito, mutane suka cika zauren nan suna yi mini barka, na ce musu to, na kawo zancen damina. Da suka watse na tafi kasuwa na zaɓo takalmin da ya fi kowane kyau, na ba Sani na ce ya kai mata ya ce daga maƙwabta ne. Ta sa shi, ta fito tsakar gida tana takawa ƙwas-ƙwas, ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Sani, a gode wa maƙwabta. Ka ce masu sun san awon ƙahwata."

Haka muka yi zamanmu, kuma mun fahimci juna.

Gwaggo kuwa ta shigo gidan nan ne a shekarar da ruwan Kalmalo ya ja har muka taka tsakiyar tafkin da ƙafa. Ni ɗan masunta ne, a wannan tafkin na koyi su, daga baya na koma bandar kifi ina kaiwa Ƙonni. A shekarar, kifi ya taru a ɗan taɓon da ya rage, muna kwasa da hannu. Na kawo kwando gida don banda. Mahaifiyarku, lokacin tana shirin tafiya jami'a, ta tsuguna ta zaro wata 'yar tarwaɗa da ba ta wuce tafin hannu ba, baƙa wuluk, tana ta mutsu-mutsu bayan sauran duk sun lafa. Ta jefa ta a bokiti, ta ce wa Sani ya gaya wa mai kifi an saci ɗaya. Na ce ya gaya wa ɓarawon ba a gani ba. Daga bokiti ta koma randa, daga randa na gina mata tanki da hannuna, ina cewa don ajiyar ruwa nake yi. Ta girma har ta fi tsawon hannun babban mutum. Saboda gashin bakinta da yadda take fitowa tana harare-harare idan an makara da abincinta, mahaifiyarku ta sa mata suna Gwaggo, don ta ce sak wata ƙanwar ubana da ta rasu tuntuni. Ban yi dariya a gabanta ba. Na fita waje na yi.

Daga nan Gwaggo ta zama 'yar aikenmu. Idan mahaifiyarku tana da magana da ni, sai ta je bakin tanki tana watsa dusa, ta ɗaga murya.

"Gwaggo, ki gaya wa mai gidan ga tarin nan nashi ya yi yawa. Ya rage zama bakin hayaƙi."

Ni kuma daga zaure in ce, "Sani, ka gaya wa kihin nan an ji."

Ta bakin tankin nan na ji ta sami miji. Ta nan na ji za ta tafi ƙasar waje. Shekara goma sha huɗu muna haka.

Da ruwa ya dawo tafkin, kifin da muke kamawa bai zama irin na da ba. Na gonakin kiwon kifi sun gauraya da shi, masu saurin girma, amma da zafi ya tsananta ko ruwa ya ɓaci sai ka ga sun juya ciki sama. Na da kuwa ko cikin taɓo mai zafi ya kwana, gobe yana nan. Na sha faɗin haka a zaure ina ƙorafi, ban san tana ajiye maganar ba. Ashe a kanta ta gina karatunta.

A hutun da ta zo na ƙarshe da ranta, wata rana bayan la'asar, ta fito da ɗan almakashi da 'yan kwalabe masu ruwa ja-ja, da wani fulas mai riƙe sanyi. Ta sa Sani ya kamo Gwaggo ya naɗe ta cikin jiƙaƙƙen buhu. Kakarku tana tsintar shinkafa a gefe. Ke Asma'u kina tsugune kin riƙe kwalba, Abdullahi yana goye. Ni ina zaure, ƙofa a buɗe, na yi kamar rediyo nake saurare, alhali na rage muryarsa. Ta yanki ɗan ƙanƙanin abu a bakin wutsiya, bai kai farcen yaro ba, ta jefa a kwalba, aka mayar da Gwaggo ruwa tana fushi.

"To Yaya," in ji Sani, "mi za ki yi da wutsiya? Miya?"

"Kai dai cikinka ka sani," ta ce. "Wanga ɗan yanki cike yake da ƙwayoyin halitta, ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubi. Kowace ƙwaya tana da cibiya a tsakiyarta, kuma cikin cibiyar nan an ajiye bayanin Gwaggo dukanta. Baƙinta, gashin bakinta, juriyarta ga zahi, komi. Sai dai ƙwayar wutsiya ta saba da aikin wutsiya, ta bar sauran a ruhe. Kamar kai da ka san hanyar Ƙonni kaɗai, in an aike ka Argungu sai a yi cigiyarka."

"Ni? Har Tawa na sani!"

"Kana barci bisa buhun albasa. To ji. Sai in samo ƙwan wata tarwaɗa, in cire cibiyarshi, in sa ta Gwaggo a madadinta, da allurar da ta hi gashin kai siriri. Ƙwan nan shi ka mantar da ita cewa ita wutsiya ta. Ya maishe ta baya, ta soma daga hwarko, kai, ido, ciki, har wutsiyar. In Allah ya sa ya ƙyanƙyashe, abin da zai hito ba ɗiyar Gwaggo ba ta. 'Yar tagwayenta ta, wadda tam makara shekara goma sha huɗu."

"Duk wanga wahala? Ba sai a kawo mata namiji ba?"

"Wane? Na gona? Ai ɗiyan rabi da rabi za su zamo. Kuma dube ta, ta tsuhwa, ƙwanta ya ƙare. In tat tahi, irin ya tahi."

Kakarku ta ajiye faifai. Ba ta dubi mahaifiyarku ba, Sani ta duba.

"Sani, tambaye ta, halitta za ta yi? Ta ji tsoron Allah."

"Inna," ta ce tana dariya, "ni ko ƙwan sauro ban iya halittawa. Ƙwan na Allah na, cibiyar ta Allah ta. Ke ba ki yanko reshen rogo kin dasa ba, ya hito sak irin wanda kinka yanko? Ke kinka halicci rogo? Kuma ki kwantar da hankalinki, mahi yawansu mutuwa sukai. Sai wanda Allah ya nuhwa da rai."

Kakarku ta ɗauki faifanta ta ce a dai riƙa yin bisimilla kafin a soka allurar.

Abin da ya biyo baya shi ne laifina na farko. Mahaifiyarku ta miƙe, ta share hannu, ta juyo ta fuskanci ƙofar zaure. Ba Gwaggo ta yi wa magana ba, ba Sani ba. Ni ta duba.

"Baba, kai ka hi kowa sanin kihin Kalmalo. Zo ka ji sauran, akwai abin da nike so ka riƙe mini."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ɗiyata ta fari, a gaban uwarta da ƙanenta, ta kira ni kai tsaye, kuma da yabo a bakinta. Fuskata ta ɗau zafi. Daɗi ne ya kama ni, irin wanda ban san inda zan ajiye shi ba. Na laluba takalmina.

"Sani, ka ce mata lokacin salla ya yi."

Rana tana sama, magariba da saura sosai. Na tafi masallaci na zauna ni kaɗai kusan awa guda, ina ta maimaita maganarta a zuciya, wai ni na fi kowa sanin kifin Kalmalo. Abin da na tafi da shi a kaina shi ne ta yanka, ta sa a kwalba, za ta tafi da shi. Wato aikin Gwaggo ya ƙare. Sauran bayanin Sani kaɗai ta yi wa, don kakarku ta shige madafa da ku. Kwana biyu bayan haka ta koma. Da za ta shiga mota ta durƙusa, na ce Allah ya tsare, ina kallon tayar mota.

Shekarar da ta biyo baya ta riƙa aiko da saƙon murya ta wayar Sani. Shi kuma ya san aikinsa, sai ya zo bakin zaure ya ƙure murya kamar shi kaɗai yake ji. Ta aiko da hotuna, wani ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero ya rabu biyu, ya rabu huɗu, ya zama takwas. Sani ya ajiye wayar a kan tabarmata ya ce zai sha ruwa, ya daɗe bai dawo ba. Na ɗauka na duba. Wata rana muryarta ta zo da murna, wai ɗaya ya kai har zuciya ta soma bugawa. Washegari ta ce ta tsaya. Haka aka yi ta yi, su soma, su tsaya. Ba ta karaya ba. A ƙarshen kowane saƙo sai ta ce a gaya wa Gwaggo ta gaya wa mai gida ya sha maganin tarinsa. Da damina ta kusa ƙarewa ta ce tana tafe. Na ɗauka ku ta yi kewa, kuma na san ta yi.

Ta sauka lafiya, ta kwana a Sakkwato, ta shiga motar gida, ta Illela, da safe. Motar ba ta iso ba. Ba zan rubuta fiye da haka a kan wannan ranar ba.

Da aka kawo jakarta, a ciki akwai tsarabarku, da hula wadda na san ta maƙwabta ce, wato tawa, da fulas ɗin nan, da 'yan kwalabe masu ruwa ja-ja, da almakashi. Kakarku ta haɗa su ta kulle a akwatinta. Babu wanda ya tambayi abin da ya sa ta sake zuwa da su.

Kwana arba'in ɗin nan ni nake ba Gwaggo abinci. Da ta ji takun mutum sai ta taso ta buɗe baki a saman ruwa, gashin bakin yana yawo. Babu mai yi mata magana. Sau da yawa ina zaure sai in tarar na rage muryar rediyo, na karkata kunne wajen tanki, ina jira. Da arba'in ta matso aka fara shawarar abin da za a dafa. An kawo shinkafa, surukina ya aiko da rago daga Sakkwato, ba a rasa komai ba. Amma ni a raina ina ganin duk wannan namu ne muke bayarwa. Na ce abin da ya dace a bayar dominta shi ne abin da yake nata, wanda ta fi so, don ladan ya same ta kai tsaye. Ba ta bar gona ba, ba ta bar dabba ba. Gwaggo ta bari. Wannan shi ne dalilin da na gaya wa kaina, kuma ba ƙarya ba ne. Akwai na biyu wanda ban gaya wa kowa ba sai yau. Na kasa jure ganin kifin nan yana buɗe baki babu saƙo.

Ana gobe sadaka, da safe bayan Asma'u kin tafi makaranta, na kira Sani.

"Ɗauko koma ka hiddo Gwaggo. Zan yi bandarta, a sa cikin abincin gobe."

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Baba, ai Yaya tac ce..."

Na ɗaga masa hannu. Ban taɓa jin an ambace ta a gabana ba tun rasuwar, kuma na san in ya ci gaba zan yi abin da ban taɓa yi a gaban ɗana ba.

"Ban tambaye ka abin da anka ce ba. Koma nic ce ka ɗauko."

"Baba, don Allah, ka bari in..."

"Sani."

Magidanci ne a lokacin, da 'ya'yansa biyu. Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musa mini ba tun yana yaro, ni na rene shi a kan haka, ina kuma alfahari da hakan a cikin mutane. Ya tafi ya ɗauko koma. Ya daɗe a bakin tankin, na san yana jan lokaci ne ko zan sake shawara, ko kakarku za ta dawo daga gidan da ta je aron tukwane. Ban sake ba, ita kuma ba ta dawo ba. Wadda ta dawo ke ce, Asma'u, an tashe ku da wuri. Shekarunki tara. Kika shigo kika tarar da kawunki a durƙushe, hannunsa da jini, Gwaggo a kan buhu. Ina jin ƙararki har yanzu.

"Kawu! Kihin Mamata na! Kawu, mi tay yi maka?"

Kika yi ta dukansa da jakar makaranta har igiyar ta tsinke. Bai kare kansa ba. Bai ce Baba ne ya sa ni ba. Ni kuwa ina zaure, tsakanina da ku bai fi taku goma ba, ina ji, ban fito ba. Wannan shi ne abin da na fi jin nauyinsa a cikin duka.

Na yi bandar da kaina, da itacen da na fi yarda da shi, ban bar kowa ya taɓa ba. Washegari aka sa ta a miya, aka kai masallaci, aka kai maƙwabta, aka yi wa mahaifiyarku addu'a. Wani tsoho da muka yi su tare ya ci ya tsaya, ya ce rabonsa da ɗanɗanon nan tun tafki yana tafki. A ranar na ji sanyi a raina, na ce na yi mata abin da ya dace.

Sai wayar Isuhu. Bayan ya gama salati ya yi mini bayani a hankali, da ladabi, yana ta cewa in yi haƙuri kamar shi ne ya yi laifin. Ya ce ƙwayoyin da mahaifiyarku ta tafi da su sun daɗe ana renonsu a kwalba, sun gaji, shi ya sa 'ya'yan suke somawa su tsaya. Ya ce ita ta gano inda gyaran yake, a wajen lokacin da ake soka allura a ƙwan, abin da ya rage kawai sabon yanki ne daga jikin kifin mai rai. Shi ta zo ɗauka. Ya ce ya riga ya shirya zai zo gida Madawa, ya tsallako ta Ƙonni ya yanka da kansa, ya ƙarasa mata aikin da sunanta.

"Baba, babu ko ɗan wurin da wuta ba ta taɓa ba? Ko wutsiya, ko hwata?"

"Isuhu," na ce, "shekara arba'in ina banda. Ban barin ɗanyen wuri."

Ya ce akwai kwalba biyu da suka rage daga ƙwayoyin farko, ta ajiye su cikin wani sanyi da ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba, inda abu ke tsayawa bai mutu ba bai kuma motsa ba. Ya ce raunana ne, ba zai taɓa su ba sai hannunsa ya ƙware kamar nata. Sannan ya ce da ya sani da ya yi maganar tun ranar ta'aziyya. Na ce masa da ya yi ma ba lallai in saurara ba.

Da na gaya wa kakarku, ta buɗe akwati ta fito da fulas ɗin ta ajiye a gabanmu.

"Kai ka ji kunya, ni na ji kunya," ta ce, "yaron mutane can shi ma ya ji kunya. Ita kaɗai ta buɗe baki, kai kuma kat tahi masallaci."

Ba ta sake tayar da maganar ba har yau, kuma ba ta rage mini komai na kyautatawa ba.

Na je rumfar Sani a kasuwa da niyyar in ba shi haƙuri. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika aka kawo shayi. Na zauna har azahar muna zancen albasa. Da zan tashi na ce masa zan gaya wa Asma'u gaskiya. Ya riƙe hannuna, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, ka bar ta. Ta rasa uwa. In ta yi hushi da ni, tana da kai. In ta yi hushi da kai, wa gare ta cikin gidan ga?"

Na karɓi wannan maganar da sauri, don ta yi mini sauƙi. Na bar shi ya ɗauka. Shekara shida ina kallo yana kawo miki atamfa daga Ƙonni kina ba wa wata, yana tambayar karatunki ta bakin Abdullahi. Ke kuwa kullum da safe kina kawo mini kunu, kina ce mini angonki tsoho mai warin hayaƙi, ina ce miki amarya marar iya dama kunu, muna dariya. Duk ranar da muka yi wannan wasan, ina sane da cewa rabon Sani ne nake ci.

Bayan shekara biyu da rasuwar, Isuhu ya buɗe kwalba ɗaya. Ya aiko da ɗan hoto mai motsi ta wayar Sani. Wani abu ne siriri kamar tsinken tsintsiya, yana iyo a cikin faranti, kuma idan ka kula da kyau akwai 'yan gashi a bakinsa. Na sa tabarau na kalla na sake kalla. Kakarku ta ce harararsa ma irin tata ce. Ya yi kwana tara, sannan ya tsaya. Isuhu ya ce ko hakan ma ba a taɓa kaiwa nan ba a ɗakin aikinsu, kuma da hanyarta ya bi. Mun so mu nuna miki, Asma'u, amma wayar ta Sani ce, kika ce ba kya son gani.

Kun ga har a takardar nan ban rubuta sunanta ba. Na gwada, hannun ya ƙi. Ba na ce muku al'adarmu banza ce ba, a cikinta na so ɗiyata, ita ma a cikinta ta so ni, kuma ta iya bi da ni fiye da kowa. Amma sau ɗaya tak ta nemi in zauna in ji ta, na tashi. Sau ɗaya ƙanenta ya nemi ya isar mini da saƙonta, na ɗaga masa hannu. Wuƙar tana hannun Sani, umarnin nawa ne. Idan akwai fushin da ya rage miki, Asma'u, ga ni, ina zaure, kin san wurin. Shi kuwa ki je ki same shi a rumfarsa. Ba sai kin ce komai ba, zai aika a kawo shayi. Shi kaɗai ne ya ji abin da ta faɗa a bakin tanki bayan na fita, kalma da kalma, kuma na san bai manta ba. Abin da Isuhu ya gaya mini na aiki ne. Ban sani ba ko shi ke nan abin da take so in riƙe mata, ko akwai wani.

Kwalba ɗaya tana can cikin sanyi, ba a buɗe ta ba. Tanki yana nan, ina sake masa ruwa duk ranar Juma'a. Maganar da Sani ya fara rannan kuwa, har yau ban ce masa ya ƙarasa ba.